Neman Jan Babur Ɗan Italiya

Argungu, 9 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da matarka Sakinatu da yara. Yaya ruwa can Gwadangaji? Nan mun samu sosai, masu dashen shinkafa duk sun shiga fadama. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar innarka Ruƙayyatu da ke tashi in an yi sanyin ruwa, sai kuma kunnena da ka sani. Shi ya sa na rubuto. Waya ta zame mani wahala, mutum na magana ina ta cewa to, ban san abin da na amince da shi ba. Na ba Tamba direba takardar. Kullum yana lodi zuwa Birnin Kebbi, shi za ka riƙa ba amsa a tasha.

Magana ita ce, ina son ka nemo mani babur. Ba irin na 'yan kabu-kabu da muke kwancewa kullum a gareji ba. Babban babur na tsere, ƙirar Italiya, na hannu amma mai lafiya, ja in da hali. Irin wanda mai hawansa ke kwantawa bisa tanki. Na san za ka yi dariya. To ka tuna lokacin da Turawan Italiya sunka yi aikin hanya a yankinmu na yi shekara huɗu ina kanikanci a yadinsu, kuma wani injiniyansu yana da irinsa, ni ke wanke masa fulogi in ɗaure masa sarƙa. Ba a mafarki na gan shi ba.

Ba ni son dillalan bakin kasuwa. Ka nemo mutanen da sana'arsu ke nan, waɗanda in sun sayar sun iya gyarawa, kuma suna da kayan gyaransa. Zancen saye ka bar mani, akwai fegina na fadama da wani ya daɗe yana so. Kada ka gaya wa kowa tukuna, ko 'yata Mansura.

Kawunka,
Riskuwa Bakanike

Gwadangaji, Birnin Kebbi, 17 ga Yuli

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Tamba ya kira ni na same shi a tasha. Mun ji daɗin jin kuna lafiya. Sakinatu tana gaida Inna, ta ce a riƙa gasa mata ƙafar da ruwan ɗumi. Mu ma ƙalau, sai aiki da ya yi yawa, ka san malamin gona ba ya zama da damina.

Ban yi dariya ba, Kawu, amma sai da na karanta sau uku. Washegari da aka tashi aiki na hau keke na zagaya masu sayar da babura na cikin gari. Shago biyar na shiga, duk kayan Indiya ne da na Sin. Wani ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin irinsa, shekarar da wasu 'yan Abuja suka wuce zuwa bikin kamun kifi. Wani kuma ya nuna mani wani ja a cikin kayansa, ya ce in aka cire masa salansa ƙararsu ɗaya da na Italiyan.

Sai na koma waya. Akwai shafukan da ake tallar ababen hawa na hannu, na ga guda shida ko bakwai, kusan duk Legas da Abuja. Mutum ɗaya ne ya ce nasa yana Kamba, bakin iyaka, daga Kwatano aka shigo da shi. Na yi murna don Kamba ba nisa. Ya ce in fara tura masa wani abu a riƙe mani kafin wani ya riga ni, ni kuma na ce ya turo hoto. Da na duba hoton da kyau sai ga dusar ƙanƙara fari fat a bayan babur ɗin, har kan rufin gidaje. Na tambaye shi yaushe aka yi ƙanƙara haka a Kamba. Tun ranar bai sake amsa mani ba.

Abin da na gane zuwa yanzu, tsadarsa ta kai ta mota mai kyau, ba ya son man kwalba na bakin hanya, kuma cikinsa kusa yake da ƙasa, ramin hanya ɗaya na iya fasa shi.

Kawu, zan yi tambaya, ba raini ba ne. Wa zai hau? Ka haura sittin da biyar, kuma ba ka jin hon ɗin mota. Fegin nan kuwa shi ke ba gidan shinkafa. Ka haska mani.

Ɗanka,
Munzali

Argungu, 20 ga Yuli

Ɗana Munzali,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke, ƙafar innarka da sauƙi. Ka yi haƙuri da dattin takardar, a gareji nake rubutu, hannuna duk baƙin mai.

Ka yi daidai da ba ka tura wa mai ƙanƙara komi ba. Duk wanda ka samu ka nemi abu uku. Takardar kwastan. Lambar inji da ta firam su zo daidai da takardar. Sannan ya tada shi da sanyin safe yana ɗauka a waya, kada ya fara ɗumama shi, don injin da anka ɗumama yana ɓoye ciwonsa.

Tambayarka ta wa zai hau ba maganar takarda ba ce, takarda tana bin hannuwa. Ƙanenka Aminullahi, ɗan cikina, na nan, yana zuwa gareji amma ba ya son magana. Kai dai ka hanzarta. Ina son babur wanga ya shigo gidana kafin ya tafi. Ba ni da lokaci mai yawa, iyakata Mauludi.

Kawunka,
Riskuwa

Gwadangaji, 22 ga Yuli

Kawu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, amma tun da na karanta takardarka hankalina bai kwanta ba.

Ka rubuta cewa kana son babur ya shigo gidanka "kafin na tafi", kuma ba ka da lokaci mai yawa. Wane likita ka gani? Me ya ce maka? Tun yaushe kake ɓoye mana? Yanzu na gane dalilin da ya sa ka ce ba maganar takarda ba ce.

Ka gafarce ni, na saɓa maka. Jiya aiki ya kai ni Zauro, na biya gidan Mansura na gaya mata. 'Yarka ce, bai kamata ta ji a bakin wasu ba. Ranar Asabar zan zo in ɗauko ka mu ga likita a nan Birnin Kebbi. Babur kuma, in shi ne abin da ranka ke so, ko Legas ne zan je in kawo maka.

Allah ya ba ka lafiya.

Munzali

Argungu, 24 ga Yuli

Munzali,

Sallama. Lafiyata ƙalau, jiya ma ni kaɗai na sauke injin ban ruwa daga amalanke. Kada ka zo ranar Asabar.

Mansura ta sauka nan tun kafin azahar da goyonta, tana kuka tun daga bakin ƙofa. Innarka ta ga tana kuka ita ma ta kama, ba ta san na mene ne ba. Maƙwabta sunka cika zaure. Liman ya aiko a tambaya ko a zo a yi mani addu'a. Ni kuwa ina gareji ƙarƙashin wani babur, sai da anka jawo ƙafata.

"Ya" na rubuta, ba "na" ba. Ka sake dubawa, in ba baƙin mai ya ci kan harafin ba.

Tunda ka kai mu nan, ga maganar. Na liƙe ambulan da gam, na kuma gargaɗi Tamba. Aminullahi ne zai tafi. Shekararsa ashirin da shida, kuma ban taɓa koyar da wanda ya kai shi hannu ba, amma ya gaji da canza ringi da like tayar 'yan kabu-kabu. Abokansa biyu sun bi ta Agadas bara. Ɗaya ya isa Italiya, yana turo hotonsa jingine da wani jan babur, ko nasa ne ko na bakin titi, Allah masani. Ɗayan kuwa har yau uwarsa tana zuwa tasha tana tambayar direbobi. Aminullahi hoton farkon kawai yake kallo. Na gan shi a wayarsa ya fi a ƙirga. Wani wanda ba ya mani ƙarya ya shaida mani sun shirya da mai kai su, bayan Mauludi.

Ban yi masa magana ba. Ni da shi in munka fara magana faɗa take zama, kuma ba ni jin rabin abin da yake cewa. Sai na ce in abin da ke cikin hoton ya zo ƙofar gidansu, ya taɓa shi, ya kwance shi ya ɗaura, wataƙila ya zauna. Dabarar tsoho ce, ban ce mai kyau ce ba, ita na samu.

Mansura ta ambaci babur a gaban kowa. Sai na ce marmarina ne na zamanin Turawa. Yanzu unguwa duka ta ɗauka tsufa ya fara taɓa mani kai. Na yarda a ɗauka haka. Innarka ba ta san zancen tafiyar ba, kada ta sani.

Ka ci gaba da nema.

Kawunka,
Riskuwa

Argungu, 15 ga Agusta

Ɗana Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Mu muna nan, ruwa ya yi yawa, gulbi ya fara hawa gonakin ƙasa-ƙasa.

Sati uku ke nan ban ga amsarka ba. Kullum da la'asar ina aikawa tasha. In zafin takardata ta baya ne, ka yi haƙuri, da fushi na rubuta ta. Na san tsoro ne ya sa ka gaya wa Mansura, kuma ban gode maka da cewa za ka je har Legas ba. Na gode.

Aminullahi ya sayar da ƙaramin baburinsa shekaranjiya. Ya ce wa uwarsa ya tsufa ne. Ya kuma sayi takalmi mai kauri da wata jaka ta goyo. Mauludi saura wata guda.

In ka gaji da aikin ka faɗa mani, ba zan riƙe ka ba.

Riskuwa

Gwadangaji, 21 ga Agusta

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Ba fushi na yi ba, kunya ce ta kama ni. Na duba takardar a rana na ga wutsiyar harafin a ƙarƙashin tabon mai. Sannan an tura mu duba gonakin da ruwa ya ci daga Zauro har Ambursa, kwana goma sha biyu muna cikin kwalekwale da taɓo. Amsar da na rubuta maka kafin in tafi kuwa tana cikin motar Tamba, motar tana gareji an sauke mata giya. Jiya ya dawo mani da ita yana ba da haƙuri.

Ban bar nema ba. Wani dillali ya kira ni Sakkwato, na je ranar Lahadi. Babur ja ne, babba, an manna masa sunan Italiya a tanki. Na duba lambar inji kamar yadda ka koya mani, sai na ga ba ta yi kama da ta takarda ba ko kaɗan. Da na kankare ƙarƙashin kujera da farce sai ga shuɗin fenti. Dillalin ya ce ai duk babur ne. Na sha ruwa na dawo.

Hanyar ta ɓullo ta inda ban zata ba. Maƙwabcina Ephraim, mutumin Filato ne, yana da shagon kayan lantarki a nan. Ya gan ni ina kallon hotunan babura a ƙofar gida ya tambaya. Ashe yayansa, Isaac, sana'arsa ke nan a Jos shekara goma sha biyar: manyan babura kawai yake saye, ya gyara, ya sayar. Mun yi magana da shi sau uku. Bai nemi in tura masa komai ba. Kafin in tambaya ya turo hoton takardar kwastan da lambobin, washegari kuma ya turo an tada injin da safe, har ya ɗora hannu a kansa don in ga da sanyinsa.

Ya ce masu wannan sana'a da gaske a ƙasar nan ba su da yawa, kuma duk sun san juna, ya lissafa mani biyu a Legas, ɗaya a Abuja. Ya ce in wani ya ce yana da irinsa in faɗa masa suna, zai gaya mani ko na kirki ne. Yana da ɗan Italiya guda ɗaya na sayarwa, ja, ya shekara goma sha biyu, mai shi ya bar hawa. Amma ya tambaye ni wa zai riƙa duba shi a Argungu, don yana da bel a cikin inji da ake canzawa a kan lokaci, in ya tsinke inji ya tafi. Ya ce ba ya son sayar wa wanda zai kashe shi a wata uku, kuma ba ya sayarwa sai mai saye ya zo ya gani da idonsa.

Ga shawarata. Ni ban san inji ba, kai kuma tafiyar ta yi maka nisa. Ka tura Aminullahi mu je tare, ka ce ya je ya duba maka. Ko ba a saya ba, zan samu kwana biyu a mota da shi.

Ɗanka,
Munzali

Argungu, 25 ga Agusta

Munzali,

Sallama. Lafiya lau. Ka yi tunani mai kyau.

Na gaya masa a gareji. Ya daɗe yana goge hannu, sannan ya ce yaushe. Kalma ɗaya ke nan, amma na gan ta a bakinsa sarai. Zai same ka ran huɗu ga wata. Ku bi hanya da rana, kada ku yarda da direban da ke son ya kai a yini ɗaya ko ta halin ƙaƙa. Mai son fegi ya sake zuwa, na ce ya jira ku dawo.

Ka gaida Ephraim, ka ce na gode.

Riskuwa

Gwadangaji, 10 ga Satumba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Inna kuna lafiya. Na dawo jiya lafiya. Ni kaɗai na dawo. Kada hankalinka ya tashi, Aminullahi yana Jos, lafiyarsa ƙalau. Ka karanta har ƙarshe.

Mun bi ta Gusau muka kwana a Zariya, washegari kafin azahar muna Jos. A hanya bai ce komai ba sai abin da ya zama dole. Shagon Isaac wani dogon rumbu ne a bayan gidan mai, manyan babura sun kai goma a jere, ma'aikata uku, ɗaya Bafulatani ne mai suna Ni'imatullahi. Isaac mutum ne gajere mai furfura a gemu, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya yaye wani bargo sai ga babur ɗin. Kawu, hoto bai faɗi rabinsa ba. Aminullahi ya zagaya shi sau biyu hannunsa a baya, kamar yana tsoron ya taɓa.

Da aka tada shi sai na ji wani kwaram-kwaram kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, na ce shi ke nan mun yi tafiyar banza. Isaac ya yi dariya ya ce kulocinsa ne, haka ake ƙera irinsu, wanda bai sani ba sai ya ce ya lalace. Aminullahi bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya ɗauki doguwar sukurdireba ya ɗora bakinta a kan inji, ya sa kunne a ƙotar. Ya daɗe. Sannan ya ce ba kulocin yake ji ba, akwai wani ƙaramin sauti a ƙarƙashinsa, daga silinda ta baya, bawul ɗaya ya saki.

Isaac ya ce sati biyu da suka wuce aka duba. Aminullahi ya ce to a sake dubawa. Na ji kunya, na taka masa ƙafa. Isaac ya dube shi, ya miƙa masa sifana ya ce, "Buɗe da kanka. In ka yi ƙarya kai za ka share shagon nan yau."

Sai da suka jira inji ya huce. Awa biyu yana kwancewa, ya jera kowane noti a kan tsumma bi da bi, yadda kake yi. Da aka auna sai ga shi bawul ɗin ya saki. Isaac ya tambaye shi wa ya koya masa, ya ce babansa. Da yamma bayan sun ɗaura, Isaac ya ba shi hular kwano ya ce ya zagaya da shi. Ya yi minti ashirin ya dawo. Ya cire hular ya miƙa wa Isaac.

Washegari da safe muna shan shayi a bakin masauki Aminullahi ya fara magana, ba tare da na tambaye shi ba. Ya ce tun ranar da Mansura ta zo da kuka ya gane babur ɗin ba naka ba ne, don bai taɓa ganin ka so wani abu don kanka ba. Ya ce, "Baba yana so ya sayar da fegi ya ɗaure ni da babur. In na hau shi a Argungu ina za ni? Daga gareji zuwa kasuwa?" Na ce to hamada fa, ina za ta kai shi? Na ambaci abokinsa da ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya ce kullum yana tuna shi, amma zaman da yake yi ma wani irin ɓata ne. Ya ce shi ba babur ɗin yake so ya mallaka ba, so yake ya zama inda ake irin wannan aikin, kuma bai san ana yinsa a ƙasar nan ba.

Ban san Isaac ya riga ya yi masa magana ba. Ya ce yana neman mai kunne irin nasa, babura na zuwa masa daga Abuja da Kaduna sun fi ƙarfin hannunsa. Zai riƙe shi shekara ɗaya a gani. Zai zauna ɗaki ɗaya da Ni'imatullahi, na je na ga ɗakin, akwai masallaci a layin. Na kira Ephraim ya ce yayansa yana da faɗa a kan aiki amma ba ya cin haƙƙin kowa.

Gaskiya zan gaya maka, bai yi mani alkawarin ya fasa tafiya har abada ba. Cewa ya yi ba zai bi na bayan Mauludi ba, kuma a gabana ya kira mai kai su ya gaya masa. Na so ya dawo ya yi muku sallama, ya ce in ya dawo yanzu abokan tafiyar za su zo har gida, kuma bai yarda da kansa ba.

Babur ba mu saya ba. Kada ka sayar da fegi. Ga 'yar takardar da ya ba ni in haɗa maka.

Ɗanka,
Munzali

Jos, 8 ga Satumba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Garin akwai sanyi, Yaya Munzali ya bar mani rigarsa.

Babur ɗin yana da kyau amma bai dace da hanyarmu ba. Na gyara bawul ɗin. Kada a taɓa fegi.

Ka yafe mani da ban gaya maka komai ba. Ka ce wa Inna aiki na samu. Injin ban ruwan da aka kawo gyara, wanda na bari a kwance, fistin ne, sabon yana cikin kwalin da ke bayan ƙofa.

Zan zo da ƙaramar salla in Allah ya yarda.

Aminullahi

Argungu, 13 ga Satumba

Ɗana Munzali,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ka dawo lafiya. Mu ma lafiya, ruwa ya fara ja da baya, fegin ya sha amma shinkafar ba ta kwanta ba. Na sallami mai son saye, ya tafi yana ƙunƙuni.

Layin farko na takardarka ya sa sai da na nemi wurin zama. Wani karon ka fara da inda mutum yake, sannan ka ce kai kaɗai ka dawo.

Na karanta duka, na karanta ta Aminullahi. Babur na aika a nemo don ya zauna, ga shi babu babur, shi kuma bai zauna ba. Amma ban ce an yi hasara ba. Abokan tafiyar sun zo nemansa jiya su biyu, na ce ba ya nan, na ba su ruwa sunka sha. Ɗayan ɗan maƙwabcinmu ne. Na je na gaya wa ubansa abin da na sani, sauran ya rage gare shi.

Tamba zai ba ka wani ƙunshi cikin buhu. Sifanuna ne na aikin hannu guda goma sha huɗu da ma'aunin bawul. Ka ba Ephraim ya sa a motar Jos. Ka ce wa Aminullahi bakin lamba goma ya ɗan cinye, ya riƙa lallaɓa ta. Akwai kuma ƙullin busasshen kifi, na Isaac ne, innarka ta zaɓa da kanta. Ka ce masa in Aminullahi ya yi laifi ya yi masa faɗa, amma kada ya yi a gaban mutane, ba ya ɗauka.

Amsar takardarsa zan rubuta da kaina, ka aiko mani da adireshin shagon. Ban taɓa rubuta masa takarda ba, sai na yi tunanin abin da zan ce.

Innarka na gaya mata duka, har zancen hamadar, tunda ya wuce. Ta gama tsince shinkafarta. Sannan ta matso kusa da kunnena ta tambaya ko Jos ta fi Agadas nisa daga nan. Na ce ban auna ba, amma Jos ana zuwa a dawo. Ta ce to a aika masa da bargo.

Bargon na cikin buhun, a ƙasa.

Kawunka,
Riskuwa Bakanike